Majingina Mai Taurin Kai

Injin kafinta mai aiki biyu, wanda ke miƙe gefen katako a sama ya daidaita kaurinsa a ƙasa, yana da majinginar ƙarfe da ake karkatawa daga digiri 90 zuwa 45. A takarda ke nan. A shago kuwa, ka saita ta da sukwaya, wajen ɗaurewa ta goce. Ka ɗaga teburan injin ka mayar, ta sake shawara.

Masu haƙuri sukan gyara notin tsayawa, su cusa siririn ƙarfe a bayanta. Masu wayo kuwa, idan za su haɗa alluna biyu gefe da gefe, sai su juya fuskar allo ɗaya wajen ferewa: karkata biyu su haɗu su rufa wa juna asiri, mai kaya ya yaba gwaninta.