Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Takardar Ƙidayar ’Yan Ƙabilar Roma

Ya ke takardar tambayoyi,

Ina yi miki sannu da yawo. Na san yanzu ba kasafai ake buga ki a farar takarda ba, a cikin ’yar kwamfutar hannu ake ɗauke da ke, amma aikinki yana nan yadda yake. Ma’aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofa a wata unguwar bayan gari a Romaniya ko Hangari, a ba shi wurin zama, ya shiga karanto ki. Ku nawa ne a gidan nan? Ɗakuna nawa? Akwai famfo a ciki? A watan jiya, akwai wanda ya kwana da yunwa don babu kuɗin abinci? Kafin duk waɗannan kuma sai an amsa tambayar da ta fi su nauyi: ku ’yan ƙabilar Roma ne?

Mutanen da kike ƙirgawa ba su da alaƙa da birnin Rum na Italiya. Kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso, harshensu ɗan’uwan Hindi ne, kuma sun haura shekara 600 a Turai. Su ne tsiraru mafi yawa a nahiyar. Ana kiyasin sun kai miliyan 10 zuwa 12, kimanin miliyan 6 daga ciki a ƙasashen Tarayyar Turai. Tazarar miliyan 2 da ke cikin wannan kiyasi ta fi yawan jama’ar wasu ƙasashen Turai ɗungurungum. A ƙidayar Romaniya ta 2011, mutum 621,573 ne suka ce su ’yan Roma ne, alhali Majalisar Turai tana kiyasin kusan miliyan 1 da dubu 850. A Jamhuriyar Cek a 2011 ɗin, waɗanda suka rubuta Roma zalla ba su wuce dubu 5 da ’yan kai ba, a ƙasar da ake kiyasin sun kai dubu 250. Wato mutane da yawa suna ganin ki, su yi shiru, ko su ba ki wani suna.

Kada ki ɗauka jahilci ne. Tarihin gidanku suka sani, watakila ma fiye da yadda kika san shi. A 1899 ’yan sandan birnin Munik na Jamus suka buɗe ofishi na musamman don tattara bayanai a kansu, a 1905 kuma shugaban ofishin, Alfred Dillmann, ya fitar da littafi mai ɗauke da sunaye fiye da 3,000. A 1912 Faransa ta wajabta wa masu yawo riƙe ɗan littafi mai hoto da zanen yatsu da awon kai, wanda sai hukuma ta buga masa hatimi duk garin da suka shiga ko suka fita. Daga 1936, wata cibiya a Berlin ƙarƙashin likita Robert Ritter ta shiga bin ’yan Roma da danginsu ’yan Sinti gida-gida, tana auna fuska, tana rubuta salsala. Mataimakiyarsa Eva Justin har harshensu take ji, abin da ya sa mutane suka saki jiki da ita. Cibiyar ta rubuta rahotanni kusan dubu 24 a kan ɗaiɗaikun mutane. Da Himmler, jigo a gwamnatin Nazi, ya ba da umarni a Disamba 1942 a kwashe su zuwa sansanin Auschwitz, ba a sha wahalar neman su ba, jerin sunaye yana kan tebur. An kai kimanin dubu 23 can, kuma a daren 2 ga Agusta 1944 aka hallaka dubban da suka rage a sashensu. Masana tarihi suna kiyasin waɗanda aka kashe a faɗin Turai tsakanin dubu 220 da dubu 500. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba a hukunta Ritter ba.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai a nan macijin bai ma mutu ba. A 2008 gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan sansanoninsu, aka shiga ɗaukar zanen yatsu, ministan cikin gida Roberto Maroni yana cewa har da na yara. A 2013 jaridar Dagens Nyheter ta bankaɗo cewa ’yan sandan kudancin Suwidin suna riƙe da rajistar mutum fiye da 4,000, galibinsu ’yan Roma, har da yara fiye da 1,000. A 2018 wani ministan cikin gidan Italiya, Matteo Salvini, ya sake kiran a yi musu ƙidaya ta musamman, kuma bai ɓoye cewa korar waɗanda ba su da takardun zama yake nufi ba. Tsohuwar da ta ƙi amsa miki tana da hujjar da ta fi ta mai tambayar.

Duk da haka ban rubuto don in ce a yayyaga ki ba. Rashin ƙidaya ma yana da masu cin moriyarsa. Gwamnatin da ba ta san yara nawa ne ba sa zuwa makaranta ba, babu mai iya kama ta da laifin barin su. Ƙasashe da dama sun daɗe suna cewa doka ta hana su tattara bayanan ƙabila, alhali dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ba ta rufe ƙofar baki ɗaya ba. Ta gindaya sharuɗɗa ne, irin su yardar mutum a fili da matakan kare sirrinsa. Lokacin da wasu ƙasashen tsakiya da kudu maso gabashin Turai suka ware 2005 zuwa 2015 a matsayin shekaru goma na jawo ’yan Roma a jiki, tafiya ta yi rabi kafin aka tashi da tambayar da babu amsarta: daga ina aka faro, balle a san ko an ci gaba? Rahoton da gidauniyar Open Society ta fitar a 2010 a kan wannan giɓi ya tsaya.

Ranar da kika fi yin abin kirki kuwa, a sanina, a birnin Ostrava na Jamhuriyar Cek ce. Shekara da shekaru ana yi wa yaran Roma gwajin basira, a ce ba su ci ba, a tura su makarantun da aka gina don yara masu rauni a ƙwaƙwalwa, inda karatun bai kai mutum ko’ina. In uwa ɗaya ta yi ƙorafi, sai a nuna mata sakamakon ɗanta da sa hannunta, magana ta ƙare. A 1999 lauyoyin Cibiyar Kare Haƙƙin Roma ta Turai suka bi makarantun birnin suka tattara alƙaluma. Sai ga shi fiye da rabin yaran Roma suna irin waɗannan makarantu, kuma yiwuwar a tura ɗan Roma can ta ninka ta sauran yara sau 27. Yara 18 suka shigar da ƙara. Sun faɗi a zaman farko a Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan’adam a 2006, amma ranar 13 ga Nuwamba 2007 babban zauren kotun ya ba su gaskiya. Kotun ta yarda cewa ba sai an leƙa zuciyar kowane malami an gano mugun nufi ba. Idan alƙaluma masu inganci suka nuna irin wannan rata, gwamnati ce za ta kare kanta. Zaluncin da aka rarraba gida-gida yadda ba ya ganuwa, ke kika tara shi wuri guda har alƙali ya gan shi.

A 2007 ɗin nan aka kafa Hukumar Kare Haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai a Biyena, wadda ta zama uwar ɗakinki. Ta aike ki a 2008, ta sake a 2011 tare da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan 2016, 2019 da 2021. A waɗannan tafiye-tafiye kin bambanta da kakanninki ta fuska uku: mutum ne ke faɗin ko shi wane ne, yana da ikon cewa ba zai amsa ba, kuma abin da ke fita duniya jimla ce, ba suna ba. Sulobakiya ta gwada wata hanyar a 2004, 2013 da 2019, inda ake ƙirga unguwanni maimakon mutane: akwai ruwa, akwai magudana, akwai kwalta, kilomita nawa ne zuwa makaranta? Taswirar 2019 ta kiyasta kimanin mutum dubu 440, a ƙasar da ƙidayar 2011 ta ba da 105,738. Amfaninta shi ne tana nuna inda bututu ya tsaya. Aibinta kuma, wani ne daga ofishin ƙaramar hukuma ke faɗin waye ɗan Roma.

Yanzu ga ƙorafina. A 2016 kika zauna da kusan mutum 8,000 a ƙasashe 9, kika dawo da labarin cewa kashi 80 cikin 100 suna ƙasa da layin talaucin ƙasarsu. A 2021 kika zauna da kusan 8,500 a ƙasashe 10, kika dawo da kashi 80 ɗin nan, alhali a sauran jama’ar Tarayyar Turai kashi 17 ne. Gaskiya ne an motsa a wasu wurare: marasa famfo a gida sun sauko daga kashi 30 zuwa 22. Amma yara ’yan shekara 6 zuwa 15 da ke makarantun da duka ko galibin ɗalibansu ’yan Roma ne sun hau daga kashi 44 zuwa 52, shekara 14 bayan hukuncin Ostrava. A 2021 ɗin, kashi 29 na yara suna gidajen da wani ya kwana da yunwa a watan da ya gabata. A lokacin, matan Roma suna mutuwa shekara 11 kafin sauran mata, maza kuma kusan shekara 9. Ba ƙaramin abu ba ne uwa ta gaya wa baƙo cewa ’ya’yanta sun kwana babu tuwo. Asirinta ta ba ki, ba don ki ji tausayinta ba, sai don an ce mata faɗin zai sa a gyara. Kowace amsa bashi ce a wuyanki da wuyan waɗanda suka aiko ki.

Za ki ce ke ’yar aike ce, ba ke ke haƙa rami ki binne bututu ba. Na ji. A Oktoba 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta ɗora manufofinta na zuwa 2030 a kan alƙalumanki: a rage ratar talauci da aƙalla rabi, aƙalla kashi 95 su samu ruwan famfo, a rage yawan yaran da ke makarantun wariya da rabi. A Afrilu 2023 ta kai Sulobakiya gaban Kotun Tarayyar Turai kan ware yaran Roma a makarantu. Wannan ya nuna ana karanta ki a sama. Amma ɗan aiken da ya san abin da ya gani yana da ta cewa a kan yadda za a sake aikensa, don haka ga roƙona.

Kada ki taɓa riƙe suna, ko adireshi, ko wani abin da ɗan sanda zai iya bi ya isa ƙofar gida. Gwamnatin da ta aiko ki yau da kyakkyawar niyya ba ita za ta gaji ma’ajiyarki ba. Waɗanda suka buɗe ofishin Munik a 1899 ba su san hannun da fayilolinsu za su faɗa ba bayan shekara 40.

Ki bar masu abin su riƙe ki. Ba ɗaukar ɗan unguwa tafinta kawai nake nufi ba. Su zauna a inda ake tsara tambayoyi, su ce wannan cin fuska ce, waccan kuma ba a yi ta ba alhali ita ce damuwarsu. In an gama, a mayar musu da sakamako cikin harshen da suke ji, yadda ƙungiyar mata ko ta iyaye za ta ɗauka ta shiga ofishin magajin gari da shi. Wanda aka ƙirga ya fi mai taro a otal haƙƙin sanin jimla.

Ki kuma faɗi iyakar ganinki da babbar murya. An fi aiken ki wuraren da ’yan Roma suka taru da yawa, domin nan ne samun su ya fi sauƙi. Likita da malama da direban bas da ke zaune cikin gari, waɗanda maƙwabtansu ma ba su san asalinsu ba, ba kasafai kike cin karo da su ba. In ba ki bayyana haka ba, mai karatu zai ɗauka Roma da talauci abu ɗaya ne, maƙiyi kuma ya ɗauki alƙalumanki ya ce ai ga shi, halinsu ne.

Roƙona mafi girma shi ne ki juya fuskarki. Fiye da ƙarni guda ’yan Roma ake aunawa, kamar a jikinsu cutar take. Ki je wurin shugaban makarantar da ya tara su aji ɗaya. Ki je wurin mai gidan haya da kan ce an riga an kama da zarar ya ga fuska, da kamfanin da ba ya kiran mai irin wannan sunan ganawa. Ke da kanki kika gano a 2021 cewa mutum ɗaya cikin huɗu ya ce an nuna masa wariya a shekarar da ta gabata, amma kashi 5 kawai na waɗanda abin ya shafa suka kai ƙara. To, ki tambayi ofisoshin karɓar ƙorafi me ya sa ba a zuwa wurinsu. Ki tambayi kowace ƙaramar hukuma nawa ta karɓa da sunan waɗannan unguwanni, mita nawa na bututu ta shimfiɗa, yaushe, kuma wa ya sa hannu. A gefen kowane kaso da kika buga, a ga sunan ofishin da gyaran ya rataya a wuyansa da ranar da ya yi alƙawari. Talaka ya amsa tambayoyinki da gaskiya duk da abin da ya sani game da zuriyarki. Mai mulki, wanda ba shi da irin wannan dalilin tsoro, bai kamata a bar shi ya wuce ba tare da ya amsa nasa ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani mai bibiyar labarinki