Yadda Bahaushe zai tsira da mutuncinsa a Dalar Yerwa

Duk Bahaushen da ya doshi Maiduguri, wato Yerwa, da ƙwarin gwiwa yake tafiya, yana cewa ai can ma Hausa ake yi. Gaskiya ne, daga Kasuwar Monday har kasuwar kifi ta Baga Road da Hausa ake ciniki. Sai dai Hausa ce da ta sha ruwan Ngadda, ta kwana cikin turaren wuta, ta tashi da halayen da ba a san ta da su a Ƙofar Mata ba. Ga shawarwari kyauta ga baƙon da zai sauka a unguwar Dala, musamman Bakano, don shi ya fi kowa yarda cewa harshen gadon gidansu ne.

Na ɗaya, kada ka nemi dutse. Da ka ji an ce Dala, wuyanka zai fara miƙewa yana neman tudun Barbushe. Mayar da shi. Nan ƙasa shimfiɗe take, sai yashi da inuwar darbejiya. Abin da za a tambaye ka shi ne Dala Alamderi ko Dala Lawanti. Kada kuma ka tsaya jiran ɗan acaɓa, tun 2011 aka hana babur a garin. In ka ce a tsayar maka da A Daidaita Sahu, ka tona wa kanka asiri. Keke ake cewa.

Na biyu, kada sunayen unguwanni su ruɗe ka. In maƙwabcinka ya ce zai je Abuja ya dawo kafin la'asar, ba jirgi ya mallaka ba, nan Bulumkutu zai leƙa. Wanda ya ce a London Ciki yake zaune, kada ka roƙe shi tsarabar Ingila. Akwai Mairi Kuwait, akwai Jerusalem, akwai Fezzan. Da kuɗin keke mutum zai zaga duniya ba fasfo ba biza, ya dawo ya tarar da shayinsa bai huce ba.

Na uku, ka ware wa gaisuwa lokacinta. «Sannu» guda ɗaya a tsaye ba ta sayen komai a nan. Da safe ka ce «nda watu», da yamma «nda dubdo», duk abin da aka jero maka kuma ka riƙe «kilewa», wato lafiya. Ka sa «wushe» tsakanin kowace gaɓa. Gaban dattijo ka rusuna, ka sassauta murya, ka ce «Ala nguwuro». In kana sauri, gara ka canza layi tun daga nesa. Amma a kula: in aka gayyace ka Wushe-Wushe, ba zuwa za ka yi ka ce sannu sau biyu ka dawo ba. Daren biki ne na Barebari, da ganguna da algaita, har tsakar dare. Ka kafa hularka mai kyau, ka nemi sababbin kuɗi na liƙi.

Na huɗu, kuma nan baƙi suka fi zubewa, sunayen mutane. Ka ji sallama a ƙofa, ka tambayi yaro wane ne, ya ce «Ba Modu ne». Kada ka ce, «To in ba Modu ba ne, wane ne?» Modun ne da kansa, Ba ɗin girmamawa ce irin ta uba, kuma yana jin ka. In aka ce Yagana, kada ka tambaya da wa ya gana. Sunan mace ne. In aka ce Baba Kura yana zaure, kada ka rarumi sanda. Kura a bakin Barebari babba ne, Gana kuwa ƙarami, shi ya sa za ka ga tsoho da furfura fal ana kiransa Baba Gana, shi kuma yana amsawa ba ko kunya. Modu Muhammadu ne, Bukar Abubakar, Falmata Fatima. Mai unguwa Bulama ne, na sama da shi Lawan. Ka haddace waɗannan biyun tun kafin akuyar wani ta ci maka wake.

Na biyar, in an ce biri ya sauka, wanke hannu. Abin da kunnenka ya ji kamar biri, tuwo ne da Barbarci. In burabusko ne da miyar yakuwa, ka yi bisimilla ka daina tambaya. Ka sani kuma harshen Kanuri bai da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka in ka makara aka ce maka «biri ya kare», ba rahoton gidan namun daji na Sanda Kyarimi ake ba ka ba. Abinci ne ya ƙare, sai ka nemi mai shayi.

Na shida, ka bar «ya» da «ta» su huta. Barbarci bai raba namiji da mace a nahawu, don haka za ka ji an ce «Hajiya ya fita», ko «matata ya haihu». Amsar ita ce «Allah ya raya». Wanda ya tsaya gyaran jumla, ranar suna ƙashi zai samu.

Na bakwai, ka san wa ake tsokana. Kai Afuno ne a bakinsu, kamar yadda su Barebari ne a bakinka, an yi canjaras. In kuwa kai Bafulatani ne, to ka shirya, don tsakaninku wasa ne tun kaka da kakanni. Mai shago zai kira ka bawansa tun kafin ka zauna. Kada ka yi fushi, ka ce masa ubangidansa ne ya zo duba dukiya. Wanda ya fara ɓata rai shi aka ci.

Na ƙarshe, ranar da bakinka ya yi ƙaiƙayin cewa sun lalata Hausa, ka fara duba littafin bashi. Masana harshe sun nuna cewa «kasuwa» da «karatu» da «rubutu» ta hannun Kanuri suka shigo mana. Galadima da Ciroma da Yarima, duk daga fadar Borno aka ɗebo su. Kakanninka ma da allo a hammata suka riƙa tafiya gabas neman tilawa, shi ya sa kowa ya san Borno gabas take. Idan ka matsa sai sun gyara maka «ya» da «ta», su kuma suka ce a mayar musu da kayansu, da me za ka koma Kano? Kasuwar Kurmi kanta sai an sake mata suna, masu sarauta kuma su zauna da rawani ba abin kira.