Zuwa ga Taubashiyata, Sarauniyar Tonka ta Badarawa

Taubashiya, kwalbar soyayyen yajin da kika aiko ta iso, kuma ina mai sanar da ke cewa mutanen gida duk suna raye, sai dai ba kowa ne bakinsa ya dawo daidai ba.

Da gani kin shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis kin kwashe wa mutane tarugu da tonka, ba ki tuna da tattasai da tumatir ba sai da kuɗi suka ƙare. Albasar ma don kunya kika jefa ta. Ai masu hankali tattasai suke rinjayarwa, shi ke ba da ja da kauri, tarugu ya kawo ƙamshi, tonka kuwa 'yar kaɗan ta isa. Ki daina ɗora wa 'ya'yan tonka laifi: zafin yana cikin farar jijiyar nan da suke maƙale a jikinta. Mai tausayi kankare ta yake yi. Ke har da ita kika markaɗa, hala ma kin roƙo ta maƙwabta kin ƙara.

Baffanki ya ɗanɗana da shinkafa da wake, ya yi shiru, hawaye na bin gemu, ya ce a miƙo masa moɗa. Ya sha, ya sake sha, abu sai gaba yake yi, domin wannan zafi ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yake bi. Sai da aka tare mai tallar nono sannan tsoho ya samu bakin sa miki albarka. Ban tabbatar albarka ba ce, amma sunanki ya fito.

Abin da ya fi ba ni dariya, kafin mako ya zagayo kwalbarki ta fara kumfa kamar kunun da ya kwana. Gaggawa ce ta ja miki. Markaɗe sai an bar shi a wuta ruwansa ya tsotse, sannan a zuba man gyaɗa, a sa gishiri da daddawa da tafarnuwa da citta, a rage wuta ana juyawa har mai ya taso ya rufe samansa. Kwalba a bushe, cokali a bushe. Ke kuwa man ma ɗiga shi kika yi. Haba, 'yar ƙasar da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, ita ce ke rowar mai!

Na kuma ji kina cika baki a gidan biki a Zurmi, wai a Badarawa aka fara shuka tonka a duniya. Baƙuwa ce, taubashiya. Daga nahiyar Amurka ta fito, Turawan Fotugal suka yaɗa ta gaɓar Afirka bayan 1492. Kafin zuwanta da masoro da kimba kakanninmu suke yaji, kuma ba a taɓa jin sun sa dattijo kuka ba.

In watan cika-ciki ya kama ki tanadi kuɗin sharata, ki haɗo da kuɗin nonon da muka saya.