Kaina Daidai da na Maman Ilham

Ranar Talatar nan wata 'yar uwa ta turo min saƙon murya a WhatsApp, dogo, kusan duk gaisuwa ce da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban haifa ba. Sai can wajen ƙarshe buƙata ta leƙo: "Anti, na ga hular da kika saƙa wa Ummi, baret ɗin nan ta 'yan gayu mai karkacewa gefe. Don Allah a yi min tawa kafin sanyi ya wuce." Na ce to, turo min awon kanki. Ta ce, "Lah, ai ba sai an auna ba, kaina daidai yake da na Maman Ilham."

Ban san Maman Ilham ba. Ban taɓa ganin ta ba, balle kanta. Da na faɗi haka sai aka shiga yi min kwatance: ai ita ce wadda ta zauna kusa da masu rabon shinkafa ranar suna a gidan Yaya, mai mayafi ruwan toka. To a ce ma na gan ta. A ƙarƙashin mayafi akwai ɗaurin ɗankwali, a ƙarƙashin ɗankwali akwai hula, a ƙarƙashin hula akwai acuci, sannan kitso. Kan baiwar Allah yana can ƙasa, sai an yi haƙa kafin a tarar da shi.

A nan dole in sara wa maza. Duk shiriritar namiji ya san lambar hularsa. Zai manta shekarun ɗansa, zai manta ya yi alkawarin kuɗin cefane, amma ya tsaya gaban mai hula a Kasuwar Kurmi ko a bakin masallacin Juma'a, ba gargada zai ce "22 da rabi," a miƙo masa zanna bukar ta zauna daram. Mu kuwa kanmu da yanayi yake tafiya. Akwai awon ranar sabon shuku, akwai na ranar tsifa, akwai na ranar biki idan an yi ƙari da gashin kanti, kuma tsakaninsu sai a samu inci 2 cur. Ga shi duk faɗin garin nan babu mace mai babban kai. Ki naɗa mata tef ki ce 23, sai ta ce tef ɗin ne ya saki, ko kuma gashi ne ya yi yawa, ko da kuwa gashin bai isa a kama da yatsa biyu ba.

Don haka ina da shawara ga hukuma. Tunda muna da mudu da tiya a kasuwar hatsi, a ayyana kan Maman Ilham a matsayin ma'aunin ƙasa. A kira masassaƙa su fitar da shi a gungume irin na masu wankin hula, a ajiye ɗaya a ƙofar gidan kowane mai unguwa. Mai son hula sai ta je ta gwada, ta dawo ta ce min ita Maman Ilham da kwata ce, ko Maman Ilham ba kaɗan. Amare a rubuta musu nasu a cikin lissafin lefe. Ita kuma Maman Ilham a yanka mata albashi, da sharaɗin ba za ta sake kitso ba sai an yi sanarwa a rediyo, tsakanin cigiya da sanarwar rasuwa, don masu saƙa su dakata da aiki har a ga inda awo ya tsaya. In za ta yi tafiya ta bar wakiliya.

Abin da masu oda ba sa son ji shi ne, baret ba hular sanyin jarirai ba ce da za ta miƙe ta bi kowane kai. Daga tsakiya ake fara ta, ana zagayawa ana ƙara saƙa har ta baje kamar faifai, faɗin wajen inci 11, sannan a dawo ana ragewa, a tsuke, a ƙare da bakin da zai kama goshi. Bakin nan shi ne hular. In ya yi ƙanƙanta ciwon kai, in ya yi yawa ta rufto kan hanci, kuma maganin duka biyun ɗaya ne, a warware a sake.

Wa zai biya warwarar? Wa ma ya biya saƙar farko? Da kin ambaci kuɗi sai murya ta canza: "Haba Anti, ai zare ne kawai." Je ki kasuwa ki tambayi kuɗin dunƙulen ulu yau, ki dawo mu yi magana. Tela ana ba shi kafin alƙalami tun bai taɓa almakashi ba, ya kuma saɓa alkawari a bi shi da lallashi. Mai kitso ana biyan ta, mai lalle ana biyan ta har da kuɗin mota. Mai kwarashi kaɗai ce ake cewa "ai zaune kike." E, zaune nake, da wuyan da ya ƙage da idon da ke yaji, ina lissafin zagaye da fitilar waya saboda an ɗauke wuta. Ladana "Allah ya bar zumunci." Amin, amma mai sayar da ulu bai taɓa karɓar ta ba, na kuma lura zumuncin nan kullum ta hannuna yake bi.

Wai duk wannan mata ne. Yanzu samari sun shigo. Ɗan yayana ya zo har gida, ya durƙusa, abin da rabonsa da yi tun Sallah: "Gwaggo, ja nake so, irin ta Kyaftin." Tun da Kyaftin Ibrahim Traore ya karɓi mulki a Burkina Faso a watan Satumbar 2022, yaron nan bai sake barci sosai ba. Ya san an kashe Thomas Sankara a 1987, ya san Julius Malema ya kafa jam'iyyarsa ta masu jajayen huluna a Afirka ta Kudu a 2013, hoton Che Guevara na 1960 ne a fuskar wayarsa. Lambar jarrabawarsa ce kawai ya manta.

Na ce masa, ɗan nan, hular soja ba da kwarashi ake yin ta ba, tawa da ƙofofi take fitowa, iska na shiga. Ya ce ba komai, a bidiyo ba a gani. Na ce a Kano jar hula tana da masu ita, ka shirya amsa tambaya a kowace majalisa. Ya ce ai tasa a karkace take. Na ce a Uganda tun 2019 gwamnati ta sa jar baret cikin kayan soja, bayan magoya bayan Bobi Wine sun mai da ita tambarinsu. Nan fa ido ya ƙara haske, ashe talla na yi mata.

Daga nan ya gyara zama ya karanta min yadda Faransa ta yi shekara da shekaru tana shan gumin Afirka ba ta biya, yana yi yana zaɓar zare a cikin kwandona. Ban ma tsaya gaya masa cewa ita kanta hular daga can ta fito ba, wajen makiyayan kudu maso yammacin Faransa, kada in ɓata masa huɗuba. Na dai tambaye shi kuɗin ulu. Ya ce in rubuta a littafi, idan talakawa suka karɓi mulki za a biya kowa haƙƙinsa, kuma in an samu hali in ɗan saƙa tauraro a gaba. Da zai tafi ya ranci N500 na adaidaita sahu.