Wasiƙa Zuwa Ga Amaryar Tsakar Gida

Zuwa ga Na'urar Hangen Taurari,
Gefen tankin ruwa, tsakar gidana, Kano.

Amarya,

Da fatan raɓar jiya ba ta rufe miki ido ba. Kada ki ga laifina a kan wannan suna. Uwargida ce ta raɗa miki shi, ranar da ta lissafa kuɗin shigo da ke ta ga sun haura na lefenta, ta kuma lura cewa duk daren da gari ya yi garau naki ne, ba ruwanki da rabon kwana.

Dalilin da ya sa na koma ga takarda da biro shi ne, duk wata hanyar da na bi don in yi miki magana daga falo ta ci tura. Tsakanina da ke mita 12 ne. Na auna da tef, sau biyu.

Ki tuna yadda muka fara. Shekarar farko a gefenki nake kwana, a kan kujerar roba, kwamfuta a cinya. Sauron Oktoba ya ci rabonsa, sanyin Disamba ya ƙarasa abin da ya rage. Akwai ranar da na yi suɓul da baka na ce wa wani abokina ina raba dare a bayan gida ina ɗaukar hoto, har yau in mun haɗu sai ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya sauwaƙe. Daga nan na ga yadda masu irin wannan lalura ke yi a ƙasashen ƙanƙara. Suna ɗaure wa na'ura wata 'yar kwamfuta mai girman sabulun wanki, don wayar USB in ta wuce mita 5 sai ta fara zubar da saƙo a hanya. Wayar kyamara da ta injin juyawa da ta injin daidaita gani duk su shiga cikin 'yar kwamfutar, ita kuma ta riƙa kai rahoto ɗaki ta wayifai. Mutum yana kishingiɗe da kofin shayi, sama tana zuwa masa har gado. Na ce kakata ta yanke saƙa.

Tun ba a je ko'ina ba aka fara da tauraron arewa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in ana so ki buɗe ido na minti 3 taurari ba su zama taliya a hoto ba, dole ki riƙa juyawa tare da sama, gindin juyawarki kuma ya fuskanci wannan tauraro daidai. To, tsayinsa daga ƙasa gwargwadon nisan gari ne daga layin da ya raba duniya biyu. Mutumin Landan yana ganinsa a digiri 51, can sama, ya ɗaga kai kawai. Mu a Kano digiri 12 ne, wato daidai bayan katangar maƙwabcina, a inda ya ga ya dace ya ɗora tankinsa. An ce mini kada in damu, manhaja za ta ɗauki hoto a wurare uku ta lissafa karkatarki. Haka ne, ta lissafa. Sai dai noti biyun da za a murɗa a gyara karkatar hannu suke jira, hannun kuma nawa ne. Wannan fitar ba na ƙirga ta, tunda kowace amarya ana raka ta ɗaki.

In ana sallah ba a magana, amma in an idar sai a faɗi gaskiya: kina da abin yabo. In na ce ki je wuri kaza, kina zuwa ki ɗauki hoto, ki gwada shi da taswirar taurarin da ke cikinki, ki gane inda kika tsaya, ki gyara da kanki. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi kabbara. Ga kuma ɗan ƙaramin madubin da kike goyo, wanda ba shi da aiki sai ya ƙura wa tauraro ɗaya ido, da zarar ya gusa ya tsikare ki. Manhajar da ke wannan aiki sunanta PHD2. Na daɗe ina alfahari da cewa ina aiki da abu mai digirin digirgir, kafin in gano cewa haruffan gajarta ce ta wata jimlar Turanci mai nufin danna nan, dolo.

Na danna kuwa. Daren farko na tsara miki hoto 40, kowane na minti 3, na rufe kwamfuta don kada in zama mai zargi, na sha shayi, har na yi gyangyaɗi irin na masu hali. Bayan awa biyu na buɗe na tarar da hoto 40 baƙi ƙirin. Gyaran farko na yi shi da hannuna a waje, sannan na mayar miki da murfi saboda ƙura kafin in shiga cin tuwo. Kin san murfin yana kanki. Kin ci gaba da aiki shiru, kamar tela da aka ba yadi ba a ba shi awo ba. Masana sun ce irin waɗannan baƙaƙen hotuna suna da amfani, da su ake cire dattin da kyamara ke haifarwa da kanta. Shi ne na ce wa uwargida da gangan na yi.

Sai maganar wayifai, wadda ita ce ainihin ƙarar da na kawo. Iri biyu ne. Mai lamba 5 yana da gudu amma ba ya keta bulo, yana isowa bangon kicin ya tsaya kamar baƙon da ke jiran a yi masa iso. Mai lamba 2.4 yana ketawa, sai dai duk unguwar a kansa take, kowa na kallon fim ɗinsa. Sakamakon shi ne allo ya daskare, in zauna ina kallon hoton da kika aiko minti goma da suka wuce, ban sani ba ko kina aiki, ko kin kifa, ko wani ya tsallako katanga ya saɓa ki a kafaɗa. Sai in fita. Na ja waya mai jure mita 100 daga falo har ƙafarki, na ce magana ta ƙare. Ta yi sati guda. Akuyar Hajiya ta ɗanɗana ta a wuri uku. Na gyara, sai aka ɗauke wuta. Ke kina kan batir abinki, amma akwatin intanet na falo ya mutu, janareton maƙwabta ya tashi, hayaƙinsa ya bi ta gaban idonki, fitilarsu ta tsaro ta haske tsakar gidan kamar ana biki.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne juyin tsakiyar sama. Ke da kanki kin san in abin da kike bi ya haye ƙoli ya fara gangarawa yamma, dole ki tsaya ki juya zuwa ɗaya ɓangaren, in ba haka ba ki buga wa ƙafarki kai. A ƙarshen Oktoba muna bin Kaza da 'Ya'yanta, juyin ya faɗo wajen ƙarfe 2 saura na dare. Kika juya, wayar wuta ta naɗe miki a wuya, kika ci gaba da ja har ta fizge. Ni ina falo ina karanta saƙon da ke cewa an rasa sadarwa. Na fita a guje babu takalmi, na yi karo da turmi.

Amarya, ki dubi sa'o'inki. Na'urar James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, tana can nisan kilomita miliyan 1.5, daga birnin Baltimo na Amurka ake ba ta umarni, saƙo ya isa cikin daƙiƙa 5, ba ta taɓa cewa sai an zo an cire mata filogi an mayar ba. Kumbon Voyager 1 tun 1977 ya bar gida. A ƙarshen 2023 ya fara aiko da surutai marasa kan gado, injiniyoyi suka zauna a ofis suka gyara masa ƙwaƙwalwa a Afrilun 2024, alhali kowane saƙo sai ya yi fiye da awa 22 a hanya kafin ya same shi. Hasken Kaza da 'Ya'yanta kuwa kimanin shekara 440 yake tafe, ya taso tun daular Songhai tana shekarunta na ƙarshe, ya ratso duk wannan sarari babu wanda ya tare shi, ya faɗo cikin idonki lafiya. Sai a mita 12 na ƙarshe, tsakanin tanki da falo, aka ce babu hanya.

Na san za ki ce magabata sun sha fiye da haka. Wiliyam Hashel a lambun gidansa na garin Bat a Ingila ya gano duniyar Yuranus a 1781, yana tsaye cikin sanyi. Amma ki lura da tsarin gidansu: shi yana waje a jikin madubi yana kwala abin da ya gani, ƙanwarsa Karolin tana zaune a bakin taga da fitila da agogo tana rubutawa. Wannan ita ce sadarwa daga nesa ta farko, kuma ba ta daskarewa. Daren ƙarshe na 1783 da ta fito a guje cikin dusar ƙanƙara don ta gyara na'urar, ƙugiyar ƙarfe ce ta soke ta a ƙafa. Da na karanta haka sai na dubi babban yatsana da turmi ya fasa, na ji ashe ina cikin silsila mai daraja. Na tuntuɓi ƙanwata ko za ta riƙa zama a taga. Ta tambayi nawa ne albashin.

Sau ɗaya tak kika cika alkawari daga farko har ƙarshe, makon jiya. Wuta ta zauna, akuya na ɗaure, wayoyi na bi su da zare na ɗaɗɗaure. Hotuna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, manhaja tana tara su, a hankali wata shuɗiyar ƙura ta fara bayyana a kewayen taurarin, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Ina cikin haka Hajiya ta fito alwala, na ji muryarta daga tsakar gida: "Kai, fito ka ga Kaza da 'Ya'yanta, yau sun fito tas."

Na ce, "Ina ganinsu, Hajiya, ga su nan a kwamfuta."

Ta leƙo ta taga, ta dubi allon, ta dube ni. Ta ce, "Wato ita ka saya wa kallon, kai kana gadi." Ta wuce da butarta.

Na fita don in kare kaina, na tsaya kusa da ke na ɗaga kai. Na fi minti ashirin a wurin. Da na dawo na tarar shayin ya huce, allon kuma, kamar yadda kika saba, ya daskare.

Ga buƙatata. Tsakanin ɗaukewar damina da saukar hazo 'yan makonni ne, kuma sun kusa ƙarewa. Da hunturu ya kankama ko Zara da ƙyar za a gani, balle gajimaren Oriyon da nake ta yi wa tanadi. Ina neman dare uku kacal, in danna daga falo ki amsa daga tsakar gida, ba fita, ba karo da turmi. In kin ƙi, ki sani uwargida ta riga ta auna tsakanin ƙafafunki uku, ta ce faifan shanyar kuɓewa zai zauna daram.

Naki,
Maigida, kuma maigadi.

Na manta: in wasiƙar ta same ki, ki ƙifta jar fitilarki sau biyu. Ina leƙe ta tagar kicin.