Masu Kiwon Kuɗi a Waya

Ranar Juma'a a karar Wudil ba mai sayen bijimi da ido kawai. Sai an buɗe masa baki an duba haƙori, an shafa tozo, an kora shi ya taka a ga ko yana ɗingishi, kafin a shiga "albarka" da "sallama". Amma mutumin da ya yi wannan bin diddigi da hantsi, shi ne da dare zai tura dubu hamsin cikin wata manhaja da bai san mai ita ba, don an ce masa kuɗi za su haihu yana kwance a ɗaki. Na daɗe ina kallon masu wannan kiwo, daga bakin gada har ƙofar jami'a, kuma kowa da irin kiɗansa.

Mafi sauƙin ganewa shi ne ɗan danna-danna. A 2024 ya yi tashe, bayan Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a watan Mayu, wasu suka sami kuɗi na gaske, labari ya cika gari. Daga nan kowa ya rungumi ɓeran Hamster Kombat a Telegram. A majalisa yatsa na aiki, a layin mai shayi yatsa na aiki, ka yi masa sallama ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. Ranar 26 ga Satumba aka yi rabo. Wanda ya riga ya tambayi farashin babur, da ya lissafa abin da ya samu, sai ya tarar mai cajin waya da mai sayar da data ne suka ci ribar kiwon. Aƙalla dai shi lokaci ya rasa da fatar yatsa, ba jari ba.

Yayansa shi ne ɗan baiwa, mai haƙar Pi. Wannan ya fi kowa haƙuri, don tun wajen 2019 ake danna maɓalli sau ɗaya a rana ana jiran alƙawari. Cikinsu akwai masu imanin cewa Pi ɗaya dala 314,159 ce, adadin da aka aro daga lambar nan ta darasin lissafi, 3.14159, ba daga wata kasuwa ba. Irinsa ne zai tsaya a kara ya dubi bijimi, ya ce a ransa ko ɓarin Pi ɗaya bai kai ba. Da aka buɗe cinikinta a Fabrairun 2025 ba ta wuce dala uku ba, daga baya ta gangaro ƙasa da dala ɗaya. Ka gaya masa haka, sai ya yi murmushin tausayi ya ce ai wannan ba ita ce fashewar gaskiya ba.

Sai mai lambar gayyata, wanda ni shi na fi tsoro. Shekara uku bai neme ka ba, ko barkar suna bai zo ba, kwatsam sai ga saƙo: "Ɗan uwa, akwai wata harka, ban so ta wuce ka." Wayarsa cike take da hotunan alat, kuma bakinsa ba ya rabuwa da "wallahi ni ma na cire". Ba lallai ƙarya yake ba. Abin da bai faɗa ba shi ne kuɗin da ya cire na wanda ya shiga bayansa ne, kuma yana da kaso a kan duk wanda ya jawo. Dillali ne, sai dai dillalin kara ya fi shi mutunci: ka san la'adarsa, ka san rumfarsa, in saniya ta zama ta sata akwai wanda za a riƙe. Wannan kuwa, ranar da abu ya rushe, shi ne zai fara kuka, ya ce shi ma an cuce shi. Yana da ƙane, mai yawo da hoton takardar CAC, wanda bai san cewa rajistar sunan kamfani daban, izinin karɓar jarin jama'a daga hukumar SEC daban ba.

Akwai kuma gwani, mai cewa ya san komai. Ya ga MMM ta Sergei Mavrodi, mai alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya ga yadda aka kulle asusun mutane a Disamban 2016. Ba ka buƙatar yi masa wa'azi, shi zai yi maka: "Na san za ta mutu, in shiga da wuri in fita da wuri." Da CBEX ta zo da alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya shiga da wuri kamar yadda ya tsara. Fitar ce ta gagara, don duk lokacin da ya ga adadin ya ninku sai zuciya ta ce a ƙara wata ɗaya. A Afrilun 2025 ƙofa ta rufe yana ciki. Kuma lissafin bai buƙatar digiri: naira dubu 100 da ke ninkuwa duk wata, cikin shekara ɗaya ta haura miliyan 409. Da akwai sana'a mai irin wannan riba, da attajirin da aka sa wa jami'ar garin nan sunansa bai wahalar da kansa da buhun siminti ba.

Wadda ba na iya yi wa dariya sosai ita ce uwargida mai riƙe da adashi. Ita aka fi yi wa tallan "aiki daga gida": ki kalli bidiyo, ki danna alamar so, a biya ki. Ranar farko an biya ta dubu biyu, ta cire, ta sayi magi da omo. Sai aka ce in tana son babban aiki ta sayi babban matsayi. Kuɗin zubin mata goma na cikin kwalla, kwasa sai ƙarshen wata, me zai hana a juya su? Ranar cirewa aka ce sai ta biya haraji tukuna. Aikin da ma'aikaci ke biyan albashi kafin a biya shi, a waya kaɗai na taɓa ganinsa. Maƙwabciyarta kuwa, da ke ɗora hoton soyayyen kifin kogin Wudil da hulunan da ta ɗinka a WhatsApp, ribarta kaɗan ce, ba mai kiranta 'yar baiwa, amma ta san abin da ta sayar.

Mai neman fatawa ba ya ɗaukar lokaci. Sai ya zuba kuɗin tukuna, sannan ya je ya tambayi malam ko halal ne. In malam ya ce da shubuha, ya nemi wani malamin.

Na ƙarshe wani tsohon dillali ne da na tarar a rumfar mai POS, jikansa na nuna masa waya.

"Baba, ku duba, dubu ashirin ta zama arba'in."

"Me suke sayarwa?"

"Ba sayarwa ba ce, Baba, na'ura ce ke yin cinikin."

"To waye maigidan na'urar? A wace rumfa yake zama?"

"Yana Turai, ko Caina."

Tsoho ya juya wajen mai POS. "Kai yaro, masu turawa da masu cirewa, su wa suka fi zuwa wurinka?"

Mai POS ya yi dariya, ya ce shi dai cajinsa yake karɓa. Tsoho ya miƙa wa jikan wayarsa, ya ce in arba'in ɗin ta fito ya kawo ya ƙirga da hannunsa. Ya gyara rawani, ya nufi wajen wata karsana da tun safe yake zargin an ɗura mata ruwa.