Ranar da Na Sayar da Buhun Shinkafa Naira Ɗari

Jiya Litinin da ƙarfe 11:42 na safe, saura kwana uku a ɗauki azumi, na karya farashin kayan masarufi a Kano ina zaune a kan kujerar roba a Sabon Garin Zariya. Abin da 'yan siyasa suka shekara suna alkawari a kan dandamali, ni da yatsa ɗaya na cika shi. Yatsan har yanzu rawa yake yi.

Alhajin da nake yi wa aiki yana da babban shago a kasuwar Singa da reshe a Zariya. Kowanne da nasa rumbun bayanai na PostgreSQL, wannan mai tambarin giwa. Sai dai giwayen biyu ba sa magana da juna, kullum safiya sai an buga waya Kano an tambayi nawa sukari ya kwana. Alhaji ya gaji, ya ce, "Injiniya, ka haɗa min su su riƙa gaisawa." Ni ba injiniya ba ne, amma tun da ya fara kirana haka ban ga dalilin ƙaryata babba ba.

Haɗin bai ci min minti ashirin ba. Akwai wani ƙari da ke zuwa tare da PostgreSQL, sunansa postgres_fdw. Ka kunna shi, ka ba shi adireshin kwamfutar Kano da lambar ƙofarta, 5432, ka faɗa masa da sunan wa zai shiga can, sannan ka ce ya kwaso maka fasalin teburan can. Wajen sunan shiga na miƙa masa babban mabuɗi, mai buɗe komai, na ce anjima zan canza. Duk mai aikin kwamfuta ya san anjima gari ne da ba a taɓa isa.

Teburin da wannan haɗi ke ajiye maka, wanda ake kira teburin waje, ba kwafi ba ne. Ko layi ɗaya babu a cikinsa, taga ce kawai. Ka leƙa, Kano kake gani. Ka zura hannu, kayan Kano kake taɓawa. Na san wannan sarai, da safen nan ma na yi wa manaja bayaninsa ina kaɗa biro. Shi ya sa na yi dabara, na ɗauko ajiyar daren da ya gabata da pg_dump ya yi, na zuba ta a wani sashe da na raɗa wa suna gwaji, domin in yi wasana a can. Tebur biyu ke nan, duka sunansu kaya. Na wasan sai ka kira shi da cikakken suna, gwaji.kaya. In ka ce kaya kawai, na Kano ne zai amsa.

Layi biyu na rubuta a pgAdmin, manhajar da nake aika wa giwa umarni da ita. Na sama: UPDATE kaya SET farashi = 100. Na ƙasa: WHERE lamba = 7. Lamba bakwai ashana ce, wato ita kaɗai za a mayar naira ɗari. Layin ƙasan nan shi ne linzamin doki, in babu shi umarnin kan kowa zai hau. A pgAdmin kuma, in ka shafa wa wani ɓangaren rubutu shuɗi da maus ka danna F5, abin da ke cikin shuɗin kaɗai ake aikawa. Na ɗora maus a farkon layin sama na fara ja. Sai Baba mai gadi ya turo ƙofa riƙe da kofin shayina.

"Salamu alaikum, Injiniya."

Amsa sallama wajibi ne. Na ɗaga kai na amsa har da wa barakatuhu. Yatsan dama ya saki maus a ƙarshen layin farko, na hagu kuma, da yake ya saba, ya danna F5 bai shawarci kowa ba.

UPDATE 3184.

Ɗaya nake jira. Ɗaya tak, ashana. Tun da na bar firamare ban taɓa karanta lamba a hankali irin haka ba: uku, ɗaya, takwas, huɗu. A kusurwar allo wani koren saƙo ya leƙo yana min albishir cewa aiki ya kammala cikin nasara, ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba. Na kalli layin sama, yana sanye da shuɗinsa. Na kalli na ƙasa, fari fat. WHERE lamba = 7 yana zaune shi kaɗai kamar fasinjan da ya sauka kama ruwa ya dawo ya tarar mota ta tashi.

Na ce wa raina, kwantar da hankalinka, ai gwaji ne. Har na yi murmushi. Na karɓi shayi, na ce wa Baba na gode. Kofin ya kai leɓena, tururi na dukan hancina, sannan idona ya sauka a kan kalma ta biyu a layin. Kaya. Babu gwaji a gabanta, babu ɗigo. Kaya tsurarta. Shayin bai shiga ba, kofin kuma bai koma tebur ba, haka muka tsaya ni da shi a tsakanin sama da ƙasa.

Na leƙa tagar. Shinkafa mai kilo 50, ɗari. Jarkar man gyaɗa mai lita 25, ɗari. Buhun sukari, katan ɗin taliya, madara, gishiri, dabinon da aka sauke shekaranjiya saboda azumi, ɗari ɗari. Na gangara har ƙasa ko zan samu wanda ya tsira, babu. Ashana ma ɗari, ita kaɗai ce a duk shagon ta samu abin da aka nufe ta da shi.

Na buga ROLLBACK, umarnin janye abin da aka yi. Giwa ta amsa cikin ladabi cewa babu wani aiki a buɗe da za a janye. Da na fara da BEGIN, da canjin ya tsaya a rataye har sai na ce a tabbatar. Amma pgAdmin, in ba ka hana shi ba, kowane umarni yana tabbatar da shi nan take, da ya tabbata a Zariya kuma ya tabbata a Kano. Bakin alƙalami ya bushe a garuruwa biyu lokaci ɗaya. Duk da haka na sake buga ROLLBACK sau uku, da manyan baƙaƙe da ƙanana, kamar mai ƙwanƙwasa gidan da ya san an tashi. Har na ji haushin shekarar 2013. Lokacin da teburan waje suka fara aiki a PostgreSQL 9.1, a 2011, kallo kaɗai ake yi ta tagar. Sai a 9.3, a 2013 ɗin nan, wasu bayin Allah suka ga ya dace a zare mata ƙarafa, domin hannu irin nawa ya samu wurin shiga.

"Lafiya, ɗana? Ko sukarin ya yi yawa?"

"Baba, tebur na ɓata."

Ya ajiye sandarsa, ya kama teburin katakon da nake kai ya girgiza. "Ƙafa ɗaya ce ke rawa. A ninka kwali a sa mata."

"Ba wannan ba, Baba. Na cikin kwamfuta. Na waje ne."

"Na waje?" Ya tafa hannu. "Ai ka gama magana. Kayan waje ba su da amana. Kashe ta ka kunna."

Na ce masa ɓarnar ba a nan take ba, ta tafi Kano. Ya dubi agogon bango da natsuwar wanda ya san hanya. "Yaushe ta tashi?"

"Minti biyu ke nan."

"To ai ko Kwanar Dangora ba ta kai ba. Ina da ɗan ƙanwata yana sayar da rake a can, a buga masa ya tare."

Ban samu bakin amsawa ba wayata ta yi ƙara. Alhaji ne. Na miƙe tsaye, na cire hula, na mayar, sannan na ɗauka.

"Ranka ya daɗe."

"Injiniya, me ka yi min? Ina zaune a ofis mutane sai shigowa suke suna sa min albarka. Wata tsohuwa ta ce Allah ya gina min gida a Aljanna. Me na yi mata?"

A bayan muryarsa ina jin kasuwar Singa tana tafasa. Ashe sabon yaron da aka sa a kan na'urar rasit ya ga ɗari, ya tuna azumi ya ƙarato, ya ɗauka Alhaji ne ya tuba. Ya buga rasit, 'yan dako kuma takarda suke bi, ba sa tambaya. Labari a Singa ya fi intanet gudu.

"Ranka ya daɗe, a rufe ƙofa. Minti biyu zan gyara."

Maganin yana hannuna, tun da farashin gaskiya na nan a gwaji.kaya. Sai in ce wa kowane kaya na Kano ya ɗauki farashinsa daga takwaransa na Zariya, lamba da lamba. A nan na koyi abin da ban karanta ba. Tun daga 9.6, a 2016, umarni mai sauƙi irin na ɓarnata ana cilla shi can ɗungurungum, kwamfutar Kano ta aiwatar da kanta, shi ya sa ya gama kafin ƙiftawar ido. Na gyaran kuwa yana buƙatar teburin da ke wajena, don haka sai an jawo layukan Kano zuwa Zariya, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sau 3184, a kan sabis ɗin da ke ɗaukewa in babbar mota ta wuce. Kuma har sai na ƙarshe ya isa an tabbatar, duk mai kallon allo a Kano ɗari zai ci gaba da gani.

Na danna, na zauna ina kallon abin yana juyi. Da na lalubi maus, babu shi. Baba ya dawo daga sito da mudun shinkafa, ya zare maus ɗin, ya binne shi har wutsiya.

"Wayar jikana ta faɗa bokiti, haka muka yi mata. Shinkafa tana zuƙe cuta."

"Baba, ba ruwa ne ya shiga ba."

"Kai ka san abin da ya shiga?"

Gaskiya ban da amsa. Ya tambaye ni sunan abin, na ce da Turanci ɓera ake ce masa. Ya gyaɗa kai kamar likitan da gwaji ya gaskata. "Ɓera da yunwa, ina zai yi maka aikin kirki? Bar shi ya ci." Ya ja kujera ya zauna a gaban mudun da carbinsa, lokaci lokaci yana ɗan gyara shinkafar da yatsa. Alhaji ya sake kira sau shida. A na huɗu ya daina ce min Injiniya, ya koma kai yaro.

Minti goma sha tara. Allo ya ce UPDATE 3184, lambar nan dai, amma wannan karon kamar in rungume ta. A daidai wannan daƙiƙar Baba ya zaro maus daga mudu, ya hure shi, ya ga fuskata ta washe.

"Ka gani ko?"

Buhu goma sha huɗu ne suka fita kafin a rufe ƙofa, da jarka shida. Alhaji ya ce albarkar da aka sa masa ya karɓa, ba zai mayar ba, kuɗin kuma a albashina za a riƙa cira a hankali. Da daddare na sa wa haɗin updatable 'false', kalmomi biyu da za su hana duk wannan, na kuma karɓe babban mabuɗin. Anjima ta iso ke nan.

Yau da safe na tarar labari ya riga ni zuwa Kano ya dawo. Alhaji ya aiko wa Baba da tukuicin buhun shinkafa. Tayar maus ɗina kuwa har yanzu ƙaras ƙaras take yi in na murza. Baba ya kawo shayi, ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba sai da ya ga na ɗaga hannuwana biyu sama.

"In za ka sake taɓa na wajen nan, ɗana, ka faɗa min tun da wuri in tanadi mudu biyu. Kuma 'yar Hausa. 'Yar waje ba ta ja."